Horon lafiyar ƙwaƙwalwa ga malamin wasanni: wanne ya dace da lakwal (makaranta) a Maraɗi?

A jihar Ohio ta Amurka, tun shekarar 2023 doka ta wajabta wa mai horar da ɗalibai wasanni ya yi kwas kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara kafin a ba shi takardar izinin aiki ko a sabunta masa ita. Direktan kwalej a Maraɗi ba sai ya jira an kafa masa irin wannan doka ba. Dalilin da ya sa suka kafa ta yana nan a filinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin waɗannan cututtuka kan fara ne kafin yaro ya wuce shekara 14. Tambayar da ke gaban direkta da kwamitin iyaye ita ce: da ɗan kuɗin da ke hannu, wane horo za a tura malamin wasanni?

Me ya sa shi, ba malamin lissafi ba? Saboda a aji mai ɗalibai sama da sittin, yaron da ya yi shiru bai bambanta da yaro mai ladabi ba. A fili kuwa jiki ba ya ɓoye magana. Mushe, wato malamin wasanni, ne ke ganin yaron da bara yake tsere wa kowa, bana ya koma bin inuwa. Shi ke ganin wanda ƙaramin taɓi ya sa shi kai naushi, da wanda ya zo atisaye idonsa a juye yana gudu ba gajiya, wanda kowa a fada ya san tiramol ne. Kuma yara sun fi sakin jiki da shi, domin ba jan biro ne a hannunsa ba, usur ne.

Hanyoyi uku ne a gaba, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Ta farko ita ce mafi sauƙi, wato kwas ta intanet. Ƙungiyar wasannin makarantun sakandare ta Amurka, NFHS, tana da darasi kyauta kan lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibi da hana kashe kai, gajere ne, ana iya gama shi a zama ɗaya. Amma da Ingilishi yake, kuma an gina shi ne don makarantar da ke da mai ba ɗalibai shawara a ofis na kusa, da lambar gaggawa 988 da ake bugawa a can tun 2022. Malaminmu da ya yi karatunsa da Faransanci zai sha wahalar harshen, in ma ya fahimta, ƙarshen kowane darasi zai tura shi ƙofar da babu ita a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi. Ban ga dalilin ɓata mega a kansa ba, sai ga wanda ke jin Ingilishi kuma yake son ganin yadda wasu ke yi.

Akwai dai abu ɗaya a intanet da zan ce kowane mai horar da yara ya yi, shi ne darussan FIFA Guardians, shirin da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta ƙaddamar a 2019. Akwai su da Faransanci, kyauta ne. Ba kan ciwon ƙwaƙwalwa suke kai tsaye ba, kan kare yaro ne daga cin zarafi, duka, zagi da lalata a harkar wasa. Na sa su a nan ne saboda wani abu da ba mu cika son faɗa ba: wani lokaci damuwar yaron daga mai horarwar take fitowa. A 2021 binciken da hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta sa aka yi ya tabbatar da cin zarafin ƴan mata ƴan wasa a Mali, nan maƙwabta. Ba sai abu ya kai can ba ma. Malamin da ke sa yaro tsallen kwaɗo da rana tsaka a watan Afrilu, ko ya kira shi mace a gaban abokansa don ya ɓarar da fenariti, in aka koya masa gane alamun baƙin ciki ba a gyara wannan hali ba, an yi aikin banza. Wane yaro zai kai kukansa wurin wanda ya muzanta shi jiya?

Matsalar duk wani kwas na salula ita ce ba wanda ke kallon ka. Mutum na iya latsa gaba, gaba, gaba har takardar shaida ta fito, yana shan shayi. Sauraren yaro mai kuka kuwa ba a koyon sa da latsawa.

Hanya ta biyu ita ce wadda ta fi suna a duniya, agajin farko na lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda wata ma'aikaciyar jinya, Betty Kitchener, da farfesa Anthony Jorm suka fara a Ostareliya wajen shekarar 2000. A Faransa ƙungiyar PSSM France ce ke riƙe da shi tun 2018. Awa 14 ne cikin kwana biyu, kuma akwai sashe na musamman don manya masu hulɗa da matasa. In ana maganar abin da ke cikin darasi, wannan ya fi sauran cika. Ana bi ɗaya bayan ɗaya: baƙin ciki mai tsanani, fargaba, gushewar hankali, shaye-shaye, cutar da kai. Ana koya wa mutum matakai biyar, daga yadda zai tunkari yaro, ya saurare shi ba tare da yanke masa hukunci ba, ya kwantar masa da hankali ya ba shi bayani, ya ƙarfafa masa zuwa wurin ma'aikacin lafiya, har zuwa nemo masa sauran masu tallafa masa. Ana kuma gwada wa mutum yadda zai tambayi matashi ƙarara ko yana tunanin kashe kansa. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a bakin Bahaushe, muna jin kamar faɗin ta kiran abin ne. Bincike ya nuna tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa, amma sai wanda ya gwada furta ta a gaban mai koyarwa ne bakinsa zai iya buɗewa ranar da ake buƙata.

To ina cikas? Na farko kuɗi. Farashin da PSSM France ke ba da shawara Yuro 250 ne ga mutum ɗaya, kusan jika 164 ke nan na sefa, ban da kuɗin mota da masauki, domin shirin na da lasisi, sai mai koyarwa da suka amince da shi ne ke iya ba da shi. Kwamitin iyayen da ke fafutukar sayen alli da gyaran tebur ba zai zuba wannan a kan malami ɗaya ba, wanda kuma ana iya yi masa canjin wurin aiki zuwa Dakwaro a hutu mai zuwa. Na biyu, mataki na huɗu ya ɗauka cewa akwai likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam da za a samu da bugun waya ɗaya. Ƙwararrun wannan fanni a Nijar kaɗan ne ƙwarai, akasarinsu kuma a Yamai suke. Na uku kuma, don kada a ɗauka tsada ita ce inganci: bincike da dama sun nuna wanda ya yi kwas ɗin iliminsa na ƙaruwa, ƙyamar masu ciwon na raguwa a zuciyarsa, amma bitar da Cochrane, cibiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, ta fitar a 2023 ba ta samu hujja mai ƙarfi ba cewa lafiyar mutanen da ke kewaye da shi ta inganta. Kwas ne mai kyau. Ga babbar lakwal mai zaman kanta da ke da hali, ko jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo in tana son horar da masu kula da wasannin ɗalibanta, ya cancanci a nema. Ga CEG, ƙaramar kwalejin unguwa, kuwa, riga ce da aka ɗinka da awon wani.

Hanya ta uku ita nake ganin ta fi dacewa da mu, duk da tana da nata giɓin. Ita ce agajin farko na kwantar da hankali, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya tare da War Trauma Foundation da World Vision suka fitar da jagorarsa a 2011. Kyauta ce, akwai ta da Faransanci, ba ta da lasisi, kuma ana iya koyar da tushenta cikin wuni ɗaya. Save the Children ta fitar da nata littafin horon a 2013 don masu aiki da yara. Ginshiƙan wannan hanya uku ne: duba, saurara, haɗa. Ka duba wa ke cikin haɗari, wa ke buƙatar taimako yanzu. Ka saurara ba tare da matsa wa yaro ya ba da labarin abin da ya same shi ba. Sannan ka haɗa shi da abin da yake buƙata, ko iyayensa ne, ko abinci, ko likita.

An tsara ta ne don mutanen da bala'i ya faɗa wa, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a jiharmu. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa yankin Gidan Runji da Madarunfa suna gudun ƴan bindiga, ƙauyukanmu na bakin iyaka ma ba su tsira ba. Ambaliyar damina ta 2024 ta rushe gidaje ta kashe mutane a cikin birnin Maraɗi, har aka ɗage komawa lakwal a duk ƙasar zuwa 28 ga Oktoba. Yaran da suka ga waɗannan abubuwa suna cikin layin da mushe ke busa wa usur. Yaron da ƙarar buga ƙofar ƙarfe ke sa shi daskarewa a tsakiyar fili ba rainin hankali yake yi ba, kuma malamin da ya yi wannan horo zai san kada ya daka masa tsawa, kada kuma ya tara yara a kansa yana cewa faɗa mana me ya faru.

Giɓinta shi ne ba ta shiga zurfin ciwon da ke zuwa a hankali. Yarinyar da ke ramewa wata da watanni tun da aka fara maganar aurenta, yaron da ya faɗi jarrabawar BEPC sau biyu ya daina magana da kowa, mai shan ƙwaya: jagorar 2011 ba ta yi dogon bayani a kansu ba. Wanda ya yi wuni ɗaya ya tsaya nan, zai iya da ranar tashin hankali, amma zai iya kallon baƙin ciki mai tsanani ya kira shi lalaci. Ita ma, kamar ta biyu, hujjar bincike a kan tasirinta ba ta da yawa.

Abin da ya sa duk da haka na fifita ta shi ne ana iya cike giɓin a gida, kuma cikewar ce ma ta fi horon kansa amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya na da wani shiri, mhGAP, da ta fara a 2008, wanda ke koya wa ma'aikatan lafiya da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba yadda za su gane kuma su kula da baƙin ciki, gushewar hankali, farfaɗiya, shaye-shaye da yunƙurin kashe kai. Ba na malamin wasanni ba ne, kada wani ya ba shi littafin ya ce ya fara faɗa wa iyaye sunan ciwon ɗansu. Amma direkta na iya zuwa wurin majo, wato shugaban ɗakin likita na CSI mafi kusa, ko ofishin gundumar lafiya, ya tambaya wa ya yi wannan horo ko wa ke duba masu irin wannan lalura, ya gayyato shi ya ɗauki wuni na biyu. A nan ne za a yi maganar alamun da ba a jira da su: yaro ya ce gara ya mutu, ya fara rabar da kayansa, yana jin muryoyi, ya kwana uku bai runtsa ba. A nan ne za a ce in an ji irin wannan, ba a barin yaro shi kaɗai, kuma a gaya wa na gida su kawar da maganin ƙwari na gona da piya-piya daga inda hannu ke kaiwa, domin shan maganin ƙwari na cikin manyan hanyoyin da mutane ke halaka kansu a karkarar duniya. Mafi muhimmanci, malamin zai fita da lambar mutumin da ya gani da idonsa, wanda zai iya kira ya ce, majo, ga ni tafe da wani yaro.

Akwai wani amfanin zaman ma'aikacin lafiya a wurin. A garin nan, yaron da ya yi sanyi a fili sau da yawa ba zuciya ba ce. Zazzaɓin cizon sauro ne bayan damina, ko ƙarancin jini, ko sikila, ko kuma bai karya ba tun jiya, ko azumi ne ya haɗu da zafin da ya haura digiri 40. Wanda ya yi karo da kai wajen tsalle ya koma mantuwa da saurin fushi, buguwar ƙwaƙwalwa ake fara tunani. Malamin da ya koyi darasinsa daga allon salula zai iya fassara komai da damuwa. Kafin a ce wa yaro me ke damun ka, a tambaye shi ko ya ci abinci.

Harshe ma abin lura ne, kuma a nan hanya ta uku ta yi wa sauran nisa. Tunda ba lasisi, mai koyarwa na iya karanta littafin da Faransanci amma a yi gwajin da Hausa, da kalmomin da za a faɗa da gaske. Wani ya zama uba, wani ya zama mushe. Domin inda aikin ke tsayawa ko ya wuce shi ne zauren gidan su yaron. In malami ya shiga ya ce, Alhaji, ɗanka na da taɓin hankali, an rufe ƙofa ke nan, wataƙila ma a cire yaron daga lakwal. In kuwa ya gaisa, ya zauna, ya ce, Baba, na ga yaron nan kwana biyu ba ya cikin walwalarsa, ba ya barci, na ce bari in zo in ji ko kun lura, ko za mu kai shi likita a duba shi, to an samu hanya. Kuma in uban ya ce ai an kai shi wurin malam ana yi masa ruƙiyya, ba a jayayya. A ce Allah ya sa a dace, a haɗa da na asibiti. Kwas ɗin da aka rubuta a Faransa ko Amurka bai san wannan zauren ba.

Haka batun ƴan mata da ke faɗuwa a aji ko a fili ɗaya bayan ɗaya, ana cewa aljanu ne, abin da lakwal-lakwal na Nijar suka daɗe da sani. Ko me mutum ya yarda da shi game da sanadin, abin da horon ke koyarwa na aiki: a janye taron ƴan kallo, a kai yarinyar inuwa wurin da babu hayaniya, mace ta zauna da ita, a hana ɗaukar bidiyo, in akwai jijjiga ko ta daɗe ba ta farfaɗo ba a kira ma'aikacin lafiya. Wannan ya kawo ni ga wanda za a tura. Kada a tura mushen wasanni shi kaɗai. Yarinya mai shekara 15 ba za ta keɓe da namiji ta faɗa masa damuwarta ba, bai ma kamata ta keɓe ba. A haɗa da malama ɗaya aƙalla, ko da ba wasanni take koyarwa ba.

Sai kuma waɗanda ba sa cikin rajistar ma'aikata amma yaran na hannunsu: kocin ƙungiyar unguwa da ke kwasar su bayan la'asar, da tsohon ɗan kokawar da ke koya musu kamu. A jihar su Yakuba Kantu, wanda ya ɗauki takobin farko na gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, yaro na iya jin maganar ubangidansa na kokawa fiye da ta direkta. Da yawansu ba su yi nisa a boko ba. Kwas na intanet ya bar su a waje, na awa 14 da Faransanci ma haka. Zama na baki da baki da Hausa ne kaɗai zai ɗauke su, kuma ƙarin mutum biyar a aji bai ƙara komai ba sai kuɗin abinci.

Ga wanda ya gama wannan yana son ƙari a fanninsa, akwai littafin Moving Together da cibiyar tallafin zuciya ta ƙungiyoyin Red Cross ta duniya ta fitar da abokan aikinta a 2014, kan yadda ake tsara wasa da motsa jiki don su taimaki hankalin yara, da shirin TeamUp na War Child da Save the Children da UNICEF ta Holan. Suna koyar da abubuwa kamar buɗe atisaye da rufe shi da tsari iri ɗaya kullum, da wasannin da ba a fitar da wanda ya faɗi. Mataki na gaba ne, ba na farko ba.

Game da kuɗi, a hanya ta uku abin da za a kashe shi ne ladan mai koyarwa, abincin rana, da buga takardu. Lakwal huɗu ko biyar na unguwa ɗaya na iya haɗa hannu su yi zama ɗaya a aji ranar Asabar da Lahadi. Mai koyarwa ana iya tambayar sa a reshen Croix-Rouge na jiha, ko sashen koyon aikin lafiya na jami'a, ko ƙungiyoyin da suka yi aiki da ƴan gudun hijira. Kafin a shirya da shi a yi masa tambaya uku: wane littafi zai bi, awa nawa za a yi ana gwaji ba lacca ba, kuma zai dawo bayan wata uku a zauna a ji abin da malamai suka ci karo da shi? Wanda ya zo da majigi da shafi ɗari na rubutu, ya ce da yamma za a raba takardar shaida, a gode masa a nemi wani.

Abu na ƙarshe da za a rubuta a takarda tun kafin horon, direkta ya sa hannu, shi ne iyakar sirri. Malami ba ya kai labarin yaro ɗakin malamai ko fada. Amma ba ya yi wa yaro alkawarin rufe maganar da ta shafi ransa ko cin zarafinsa, kuma yana gaya masa haka tun farko: abin da ka faɗa mini tsakaninmu ne, sai dai in na ga ranka na cikin haɗari, a nan zan nemi wanda zai taimaka mana, kuma zan faɗa maka kafin in je. A ƙarƙashin wannan a rubuta sunan wanda ake fara sanarwa a lakwal, da lambar majo, da wanda zai biya kuɗin kabu-kabu in ta kama a kai yaro asibiti bayan an tashi.